Mage a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cututtukan Bakteriya da Take Iya Sa wa Mutum

Gidaje da yawa ba sa rasa mage. Wasu sun ajiye ta don maganin ɓera a ɗakin hatsi ko a shago, wasu don sha'awa, musamman yanzu da ake sayen masu dogon gashi da tsada. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mage da iyayen yaran da ke wasa da ita suka fi maimaitawa. An fi ba da ƙarfi ga cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, amma duk inda wata cuta ta daban ta shigo cikin maganar an ambace ta. Karanta wannan ba ya maye gurbin ganin likita.

Da gaske ne mage mai ƙoshin lafiya tana iya sa wa mutum cuta?

Gaskiya ne. Yawancin ƙwayoyin da ake magana a kansu ba sa kwantar da ita magen. Tana cin abincinta, gashinta na sheƙi, tana tsalle-tsallenta, alhali a bakinta akwai ƙwayar Pasteurella, a jininta kuma wataƙila akwai Bartonella. Ba za ka gane da ido ba. Hanyoyin da suke bi su iso ga mutum ba su da yawa: cizo, yakushi, lasar buɗaɗɗen ciwo, kashinta, ƙumar da ke jikinta, sai kuma ruwan haihuwarta.

Duk da haka kada wannan ya tsorata kowa. Mutane da yawa suna zaune da mage tun suna yara har su tsufa ba tare da ta kai su asibiti ba. Galibin matsalolin da ake gani sun samo asali ne daga abu biyu da aka raina: ɗan ciwon da ba a wanke ba, da ƙumar da ba a kashe ba.

Ai mage tsarkakakkiya ce a addini, ta yaya za a ce tana ɗauke da cuta?

Maganar tsarkinta tabbatacciya ce. Hadisin Abu Ƙatada ya nuna cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, kuma a kansa malamai suka dogara wajen halatta alwala da ruwan da ta sha. Sai dai hukuncin tsarki daban, ɗaukar ƙwayar cuta daban. Yawun ɗan Adam ma ba najasa ba ne, amma cizon mutum yana ruɓewa, kuma likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci. Addinin da ya tsarkake mage shi ne ya yi gargaɗi mai tsanani game da matar da ta tsare mage har ta mutu da yunwa, don haka kula da lafiyarta da tsaftar wurin kwananta yana cikin haƙƙinta a kanka.

Mage ta cije ni. Me zan yi yanzu-yanzu?

Je ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. In babu famfo, wani ya riƙa zuba maka da buta. Bayan nan a sa aidin ko sifirit, a rufe da bandeji mai tsafta ba tare da an ɗaure tamau ba. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko man birki, ko man goge baki, ko garin wani ganye. Duk waɗannan suna ƙara tura datti ne cikin ramin.

In haƙorin ya huda fata, musamman a hannu, yatsa, wuyan hannu, fuska ko kusa da gaɓa, a je asibiti a ranar, ba sai an ga kumburi ba. Likita zai duba abu uku: ko kana buƙatar maganin antibayotik na rigakafi, wanda yawanci na kwana 3 zuwa 5 ne, ko allurar tetanas ɗinka ta wuce shekara 5, da ko akwai fargabar ciwon haukan kare, wanda aka yi bayaninsa a wata amsa can ƙasa. Ba a cika ɗinke irin wannan huda ba, domin rufe ta kulle ƙwayoyin ne a ciki.

Wata dabara mai amfani: ɗauki biro ka zagaye iyakar inda ya yi ja ko ya kumbura, ka ɗaga hannun sama da ƙirji. Idan bayan 'yan sa'o'i kumburin ya tsallake layin biron, ko wani jan layi ya miƙe yana hawa dantse, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa saboda zafi, ko zazzaɓi ya rufe ka, to ba a jira wayewar gari.

Ɗan hudan da ko jini bai yi sosai ba, me ya sa ake zuzuta shi haka?

Saboda yanayin haƙorin. Kare yana yaga nama ne, ciwon ya buɗe, a wanke shi ciki da waje. Haƙorin mage siriri ne mai tsini kamar allura: yana nutsewa ya ajiye ƙwayoyin cuta can ciki, fatar ta rufe a kai cikin ɗan lokaci. A hannu kuwa babu nama mai kauri, jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi suna dab da fata, kuma jini ba ya wadatar waɗannan wurare sosai balle garkuwar jiki ta isa da wuri.

Babbar mai laifi ita ce Pasteurella multocida, wadda ke zaune a bakin mafi yawan maguna. An sa mata sunan Louis Pasteur, masanin nan na Faransa da ya yi aiki a kanta a 1880 lokacin da yake binciken kwalarar kaji. Abin da aka san ta da shi shi ne sauri: sau da yawa kafin awa 24, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i kaɗan, wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, yana zogi. Wani bincike da asibitin Mayo da ke Amurka ya wallafa a 2014 ya bi mutum 193 da mage ta ciza a hannu, aka samu kusan ɗaya cikin uku sai da aka kwantar da su, da yawa daga cikin waɗanda aka kwantar kuma sai da aka yi musu tiyata aka wanke ciwon. In aka yi sakaci, cutar tana iya cin gaɓa ko ƙashi, yatsa ya sandare har abada.

Ba zan iya sayen kafso a kemis in sha ba kawai?

A nan mutane da yawa ke faɗawa matsala. Ba kowane antibayotik ne ke kashe Pasteurella ba. Magunguna irin su cloxacillin shi kaɗai, cephalexin, erythromycin da clindamycin, waɗanda ake yawan bayarwa don ƙurji da ciwon fata, ba abin dogaro ba ne a kanta. Sai mutum ya yi kwana biyu yana sha hankalinsa kwance, ciwon yana ci ta ciki. Wanda likitoci suka fi farawa da shi shi ne haɗin amoxicillin da clavulanate, kuma ga wanda jikinsa ba ya karɓar dangin penicillin akwai wasu zaɓuɓɓuka da likita ne zai tantance, musamman ga yara da masu ciki. Fasa kafso a barbaɗa garin a kan ciwo ba ya kai maganin inda ƙwayoyin suke.

Mene ne ciwon yakushin mage?

Cuta ce da ƙwayar Bartonella henselae ke kawowa. Likitan yara Robert Debré ne ya bayyana ta a Faris a 1950, amma sai farkon shekarun 1990 aka tabbatar da ƙwayar da ke haddasa ta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan maguna 40 cikin 100 suna ɗaukar ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu, kuma 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun fi. Su ne kuma suka fi wasan yakushi, su ne yara suka fi rungumar su.

Ita ba ta da gaggawa irin ta Pasteurella. Kwana 3 zuwa 14 bayan yakushin, wani ɗan ƙurji zai fito a wurin, ba ya cika ciwo, har a ɗauka cizon sauro ne. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai kaluluwa ta taso a kusa: in a hannu aka yakusa, a hammata ko gefen gwiwar hannu; in a fuska ne, a wuya ko ƙarƙashin haɓa; in a ƙafa ne, a matsematsi. Ana iya samun ɗan zazzaɓi, kasala, ciwon kai da rashin son abinci. Kafin lokacin yakushin ya warke, kowa ya manta da shi, shi ya sa yake da kyau uwa ta faɗa wa likita da bakinta cewa akwai mage a gida, ko bai tambaya ba.

A Amurka an ƙiyasta ana gano cutar a jikin mutum kusan 12,000 a shekara, ana kwantar da kusan 500, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 9 ne suka fi yawa. Ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, saboda haka ba sai an raba yaron da 'yan uwansa ba.

Kaluluwar yarona ta yi makonni ba ta sace ba. In kai shi a yi mata sakiya?

A'a. Kaluluwar yakushin mage tana iya ɗaukar wata 2 zuwa 4 kafin ta baje, kuma ga mai ƙoshin lafiya yawanci da kanta take tafiya. Tsaga ta da aska ko huda ta da ƙarfe mai zafi yana iya barin rami mai tsiyayar ruwa na tsawon lokaci, ya kuma shigar da wata cutar. A wajen ɗaya cikin goma takan tara mugunya, a nan likita yakan zuƙe ta da sirinji. Wani lokaci ana ba da azithromycin na kwana 5, wanda ke taimakawa ta ragu da sauri.

Akwai wani dalili mafi nauyi na zuwa asibiti. Kaluluwar da ta daɗe a wuya ko hammata tana iya zama tarin fuka na kaluluwa, ko wani nau'in ciwon daji, kuma waɗannan ba sa jira. Kasancewar mage a gida ba ya nufin ita ce sanadi. In kumburin yana ƙaruwa, ko yana da tauri ba ya motsi, ko yaro yana ramewa yana gumin dare, a nemi a yi gwaji.

Ciwon yakushin yana iya yin tsanani?

Yana yi, ko da yake ba kasafai ba. In ƙwayar ta shiga ta ido, misali yaro ya shafa mage ya murza idonsa, ido ɗaya yakan yi ja tare da kaluluwa a gaban kunne na ɓangaren. Tana iya taɓa jijiyar gani, mutum ya wayi gari ido ɗaya yana gani dishi-dishi. A wasu yaran tana zuwa da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya na makonni, hoton ciki ya nuna tabo a hanta ko saifa. Takan kai ga ƙwaƙwalwa ta kawo jijjiga, takan kuma kama bawul ɗin zuciya ga wanda dama yake da matsala a wurin. Ga masu raunin garkuwar jiki labarin ya sha bamban, duba amsar da ke kansu.

Me ya haɗa ƙuma da wannan maganar?

Ƙuma ce tushen abin. Ita ke ɗaukar Bartonella daga mage zuwa mage. Tana shan jini, ta yi kashi a cikin gashin, kuma ƙwayar tana rayuwa a kashin na kwanaki. Mage ta sosa jikinta, kashin ya maƙale a faratanta; ta lashe jikinta, ya shiga bakinta. Ranar da ta yakushe ka, wannan kashin ne ke shiga fatarka. Magen da ba ta da ƙuma da wuya ta sa wa wani wannan ciwo. In kana son dubawa, tsayar da ita a kan farar takarda ka taje gashin bayanta wajen gindin wutsiya. Baƙin garin da ya zubo, ɗiga masa ruwa: in ya narke ya koma ja-ja, kashin ƙuma ne.

Wajen kashe ta kuwa a yi hattara sosai, domin a nan ake kashe maguna da yawa ba da niyya ba. Kada a fesa mata maganin sauro ko fiya-fiya, kada a shafa mata kananzir. Maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin guba ne ga mage, yana sa ta rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Akwai waɗanda aka yi dominta, masu fipronil ko selamectin ko imidacloprid, da ake ɗigawa a bayan wuya. Likitan dabbobi zai faɗi wanda ya dace da shekarunta da nauyinta. Sannan mafi yawan ƙumar ba a jikinta suke ba: ƙwai da tsutsotsinsu suna cikin tsumman da take kwana, da kafet, da ƙarƙashin kujera. A wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, a shanya a rana, a share lungu-lungu.

Su wa ya kamata su fi yin taka-tsantsan?

Masu cutar HIV da ba su kan magani ko garkuwarsu ta yi ƙasa, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, masu karɓar maganin ciwon daji, masu shan magungunan steroid na dogon lokaci, masu ciwon suga ko ciwon hanta, tsofaffi, da yara 'yan ƙasa da shekara 5. A jikin mai raunin garkuwa Bartonella tana iya fito da wasu jajayen ƙuraje masu saurin zubar jini a fata, ta kuma yi wa hanta illa, kuma wannan yana buƙatar magani na watanni.

Ina so in ja hankalin iyayen masu sikila musamman. Saifa ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, kuma a yawancin masu sikila ta daina aiki tun suna ƙanana. Wanda ba shi da saifa mai aiki, cizon dabba yana iya kai ƙwaya cikin jininsa cikin sauri, ciki har da wata mai suna Capnocytophaga da aka fi samu a bakin kare amma akwai ta a na mage. Haka kuma Salmonella, wadda aka yi maganarta a amsa ta gaba, sananniya ce wajen kama ƙashin masu sikila. Mai sikila da mage ta ciza, ko hudan ya kai ƙanƙantar me, asibiti ne a ranar. Ba a ce su rabu da magensu ba. Amma in za a kawo sabuwa, a zaɓi wadda ta haura shekara ɗaya, a hana ta lasar ciwo ko fuska, wani ya riƙa kwashe kashinta.

Kashin mage fa? Tana yi a yashin da yara ke wasa.

Salmonella da Campylobacter suna fita ta kashi, kuma dukansu suna kawo gudawa, murɗar ciki da zazzaɓi, wani lokaci da jini. Mage tana samun su daga ɗanyen nama, kayan cikin kaji da ake jefa mata lokacin fiɗa, da tsuntsaye, ɓeraye da ƙadangarun da take kamawa. 'Yan ƙanana masu zawo sun fi zubar da su. Tulin yashin gini da aka bari a tsakar gida wuri ne da take so, shi ne kuma wurin wasan yara.

A rufe yashin, a tanadar mata kaskonta nesa da madafa, a kwashe kullum da leda a hannu, a wanke hannu da sabulu. A dafa duk naman da za a ba ta, a ware mata kwanonta, kada ta hau inda ake yanka albasa ko shanya tsaki. Yaro ya wanke hannu bayan wasa da ita kafin ya sa a tuwo.

Ina da ciki. Dole in kori magen?

Ba dole ba ne. Abin da aka fi jin tsoro ga mai ciki shi ne toxoplasma, wadda ba bakteriya ba ce, wata 'yar halitta ce daban da ke fita ta kashin mage. Tana buƙatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, don haka kwashe kashi kullum yana rage haɗarin ƙwarai, kuma ya fi kyau maigida ko wani ya ɗauki aikin. Naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba su ma hanya ce.

Ta ɓangaren bakteriya, a kiyayi lokacin haihuwar magen. Ƙwayar Coxiella burnetii, mai kawo zazzaɓin Q, tana taruwa a mabiyiya da ruwan haihuwar dabbobi, ta bushe ta bi ƙura a shaƙe ta. An fi samun ta daga awaki, tumaki da shanu, amma a Halifax ta ƙasar Kanada, a ƙarshen shekarun 1980, wasu mutane da ke taruwa wasan kati a wani ɗaki sun kamu da ciwon huhu bayan mage ta haihu a wurin. Maguna kuwa suna son haihuwa a cikin durowar kaya ko ƙarƙashin gado. Mai ciki kada ta taɓa tsumman. Wani ya sa leda a hannu, ya rufe hanci, ya ƙone shi ko ya binne.

Ana cewa gashin mage yana kawo tarin fuka. Haka ne?

Haɗiye gashi ko shaƙarsa ba ya haifar da tarin fuka, wato tibi. Abin da ke faruwa shi ne wasu jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke yawunta da fatarta, sai atishawa, ƙaiƙayin ido, ko tashin asma. Mage tana iya kamuwa da tarin fukan shanu in tana shan ɗanyen nono ko cin naman dabba mai cutar, kuma a 2014 hukumomin lafiya na Ingila sun sanar da mutum biyu da suka ɗauka daga maguna a yankin Newbury. Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. A tafasa madara kafin a ba ta, kafin mutanen gida ma su sha. Makero da ake ɗauka daga gashinta kuwa gaskiya ne, sai dai shi ba bakteriya ba ne.

Akwai cututtukan da suka keɓanta da wasu ƙasashe?

Akwai. Annobar nan ta ƙumar ɓera da ta hallaka mutanen Turai a ƙarni na 14, wadda ƙwayar Yersinia pestis ke kawowa, har yanzu tana nan a Madagaska, Kwango da yammacin Amurka. Mage tana kamuwa da ita cikin sauƙi in ta ci ɓeran daji, kuma tsakanin 1977 da 1998 an samu mutum 23 a yammacin Amurka da suka ɗauka ta hanyar mage, 5 suka rasu. A 2024 ma an samu wani a jihar Oregon. Tularemiya kuma, wata cutar bakteriya, ta ƙasashen arewacin duniya ce, mage na ɗaukowa daga zomaye. Mai zaune a waɗannan wurare ya hana magensa farauta.

Mage tana sa ciwon haukan kare?

Tana sawa. Shi bairos ne ba bakteriya ba, amma ba a maganar cizo a tsallake shi, domin da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tsira. Kare ne ke jawo mafi yawan kamuwar mutane, sai dai magen da ke yawo waje tana iya ɗauka daga gare shi, kuma cizonta ko yakushinta yana isarwa. In magen titi ce, ko ba a yi mata rigakafi ba, ko ta afka maka ba tare da tsokana ba, ko halinta ya canja, a fara allurar rigakafi ba tare da ɓata lokaci ba. In ana iya tsare ta, a sa mata ido kwana 10 ana ba ta ci da sha, a sanar da likita halin da take ciki. Wankin minti 15 da aka faɗa a amsar cizo shi ne matakin farko a nan ma.

In kai magena a gwada ta ko a ba ta maganin da zai wanke ta?

In lafiyarta ƙalau, ba a ba da shawarar gwajin Bartonella ba. Ƙwayar tana bayyana a jini ta ɓace ta dawo, kuma antibayotik ba ya tabbatar da kawar da ita. Pasteurella kuwa mazauniyar bakinta ce, babu maganin da zai raba su. Cire mata farata gaba ɗaya azabtarwa ce kuma ba a nuna yana hana cutar ba. A rage tsininsu kawai, a daina wasa da ita da hannu tsirara, a ba ta igiya ko ƙwallo ta kama.

Abin da ya cancanci kuɗinka wajen likitan dabbobi shi ne allurar haukan kare, maganin ƙuma da na tsutsar ciki a kan kari, da duba ta in tana zawo, ko atishawa da kwantsa, ko ta dawo da ƙurji daga faɗa da muzurun unguwa. 'Yar magen da aka tsinto ko aka sayo, a ware ta a ɗaki guda har likita ya gan ta kafin a miƙa wa yara. Kada kuma a ba ta maganin mutane da ka: ƙwayar paracetamol guda ɗaya tana iya kashe mage.